Henry Armsby, Mutumin da Ya Sa Bijimi Cikin Akwati

Kowa ya san sa ba ya yin ƙiba sai ya ci ya ƙoshi. Amma nawa ne cikin abin da ya ci ke komawa nama, nawa kuma ke salwanta? Wani mutumin Amurka, sunansa Henry Prentiss Armsby, ya ƙare yawancin ransa wajen neman amsar wannan tambaya.

An haife shi a Northbridge cikin jihar Massachusetts a shekarar 1853. Ya yi karatu a Worcester da jami'ar Yale, ilmin sinadarai shi ne fanninsa. Daga nan ya ƙetara Jamus ya ƙaro ilmi a Leipzig, gama a zamanin nan Jamusawa su ne kan gaba wajen binciken abincin dabbobi. Da ya komo ya yi aiki a Connecticut, a 1880 ya fid da littafinsa na fari, Manual of Cattle Feeding. Ya koyar a Wisconsin, sa'an nan a 1887 aka ba shi shugabancin ma'aikatar gwajin aikin gona ta jihar Pennsylvania. A can ya zauna har mutuwarsa.

Abin da ya dame shi ga shi. Lissafin da manoma ke bi a lokacin, a kan auna abincin da aka ba sa, a auna kashinsa, a ɗebe wannan daga wancan, saura kuwa a ce ya shiga jiki. Bisa wannan lissafi, abin da ya narke na tattaka da abin da ya narke na masara darajarsu ɗaya, in dai nauyinsu ɗaya. Amma mai kiwo ya san ba haka ba ne. Manomin da ya gaskata takarda ya sayi abinci mai araha, sai ya wayi gari kuɗi sun tafi, sa kuwa yana nan da haƙarƙarinsa a waje.

Armsby ya ga akwai ɓarnar da ba a lissafa ba. Wani ƙarfin yana fita da fitsari. Wani yana fita da gyatsa, watau wata iska mai kama wuta da ke tasowa daga tumbin dabba mai tuƙa. Babbar ɓarna kuwa zafi ne. Tauna aiki ce, tuƙa aiki ce, narkad da abinci ma aiki ne, kowane aiki kuwa yana cin ƙarfi ya fid da zafi. Busasshiyar ciyawa mai tauri ta fi hatsi cin wannan ƙarfi nesa. Kamar falke ne: ba a duban abin da ya sayar, sai abin da ya rage masa bayan ya biya kuɗin hanya. Wannan ragowar ita Armsby ya ke so ya auna.

To, yaya za a auna zafin da ke fita daga jikin sa? Wasu masana biyu, Atwater da Rosa, sun riga sun gina wani ɗaki na awon zafin jikin mutum. Armsby da mataimakinsa J. August Fries suka ɗauki dabarar, suka gina wanda zai ci bijimi, gwamnatin Amurka ta taimaka da kuɗi. Aka soma aiki da shi a 1902. Akwati ne na ƙarfe, bango bayan bango, don kada zafi ya shiga ko ya fita ta wata hanya. Ruwa yana bi ta cikin bututu yana kwashe zafin dabbar, a auna ɗuminsa wajen shiga da wajen fita. Iskar numfashi, da kashi, da fitsari, babu wanda ke kuɓuta. Bijimi ya kan kwana biyu a ciki, ma'aikata suna karɓa-karɓa dare da rana suna rubuta awo. Har sun gane sa yana ƙona ƙarfi a tsaye fiye da a kwance. A ganina haƙurin mutanen nan ya fi akwatin ban mamaki.

Ma'aunin da ya yi aiki da shi ya kira shi tam, watau kilokalori 1,000, zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa lita 1,000 da digiri ɗaya. Ya kuma nuna cewa sa yana da bashin da ya ke fara biya kowace rana, watau ƙarfin riƙon rai: numfashi, bugun zuciya, ɗumin jiki. Sai abin da ya haura wannan ke zama nama da kitse. In abinci bai kai ba, sa ya ci jikinsa. Wanda ya ga shanunmu a ƙarshen rani ya ga wannan da idonsa. Mu da za mu koyar da aikin gona, wannan darasi ne da yaro ɗan firamare zai gane.

Aikin yana da nawa ƙwarai, akwati ɗaya, sa ɗaya, don haka irin abincin da ya gwada ba su da yawa. Duk da haka ya rubuta manyan littattafai biyu a kai, a 1903 da 1917. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar masanan abincin dabbobi ta Amurka, wadda aka kafa a 1908. Ya rasu ran 19 ga Oktoba, 1921.

Manoma ba su karɓi lissafinsa nan da nan ba, tsohuwar hanya ta fi sauƙi. Sai a 1968 Lofgreen da Garrett na jami'ar Kalifoniya suka fito da tsarin da ya raba ragowar ƙarfin nan gida biyu, na riƙon rai da na ƙara nauyi. Da shi a ke tsara abincin shanun yanka a manyan wuraren kiwo na Amurka.