Agustin na Hifo (354–430): Tarihin Rayuwarsa da Yaƙinsa da Sha'awa

Gabatarwa

Daga cikin malaman addinin Kirista na ƙarnonin farko, da wuya a sami wanda tunaninsa ya yi tasiri a Yammacin Turai kamar Agustin, Bishop na Hifo. Shi kuwa mutumin Afirka ta Arewa ne, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau aka haife shi, a can kuma ya rasu. Ya bar littattafai masu yawa da harshen Latin, amma wanda ya fi shahara shi ne Confessiones, watau Iƙirari, inda ya tona asirin kansa a gaban Allah da mutane. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa ne ta fuska ɗaya, watau yadda sha'awa ta ɗaure shi duk da iliminsa, da yadda ya sami kuɓuta, da kuma abin da kuɓutar ta ci.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, shekarar 354, a garin Tagaste, wanda ake kira Suk Aharas yanzu, a lokacin yana ƙarƙashin Daular Rumawa. Mahaifinsa Fatirishiyas ɗan majalisar gari ne mai ɗan rufin asiri, bai karɓi addinin Kirista ba sai dab da rasuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai yawan addu'a. Iyayen biyu sun haɗu a kan buri guda, watau yaron ya yi ilimi ya zama wani abu, saboda haka aka tura shi karatu garin Madaura.

Sa'ad da ya kai shekara 16 sai kuɗin makaranta ya yanke, ya dawo gida ya shekara ba aikin fari ba na baƙi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan shekara ce balaga ta zo masa, ya faɗa cikin abokan banza. Mahaifiyarsa ta gargaɗe shi a kan zina, musamman da matan aure, amma ya ɗauki gargaɗin maganar mata kawai. Ba wanda ya yi tunanin yi masa aure, don gudun kada iyali su tare masa hanyar ɗaukaka.

Zamansa a Kartaj

Wajen shekarar 371 wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya taimaka aka tura shi Kartaj, babban birnin lardin, don ya koyi fasahar magana. A can ya ɗauki wata mace suka shiga zaman da Bahaushe zai kira na dadiro, ko da yake dokar Rumawa ba ta hana irinsa ba. A shekarar 372 ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Adiyodatus, ma'anarsa Kyautar Allah. Sun zauna tare kusan shekara 15, bai kuma ci amanarta ba a tsawon wannan lokaci, amma ko sau ɗaya bai ambaci sunanta a rubuce-rubucensa ba.

Yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, masanin Rumawa, wanda ya cusa masa ƙishin neman hikima. Wannan ƙishi ne ya kai shi ga Manikiyawa, mabiya wani mutumin Daular Farisa mai suna Mani, ya yi shekara 9 tare da su. Su kuwa suna koyar da cewa haske da duhu ikoki ne biyu masu yaƙi da juna, jiki kuma na duhu ne. Koyarwar ta yi wa saurayin daɗi, domin ta ba shi damar ɗora laifinsa a kan wani abu dabam da ke cikinsa, shi kuwa ya wanke hannunsa. Shi da kansa ya faɗi cewa tun yana matashi yakan roƙi Allah tsarki, amma ya haɗa da roƙon a ɗan jinkirta masa, don tsoron kada a amsa da wuri.

Milan da Rabuwa

A shekarar 383 ya haye teku zuwa birnin Rum, a 384 kuma aka naɗa shi malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarki take a lokacin. Nan ya riƙa zuwa sauraren wa'azin Bishop Amburos, da farko don ya auna gwanintarsa kawai, daga bisani ma'anar ta fara shigarsa. Karatun falsafa kuma ya nuna masa cewa mugunta ba wata halitta ba ce mai zaman kanta, karkacewar nufi ce daga alheri. Da haka hujjar da ya fake da ita ta rushe.

Monika ta biyo shi Milan, ta nema masa auren 'yar babban gida, wanda zai dace da muƙaminsa. Sharaɗin kuwa shi ne a sallami uwar ɗansa. Aka mai da ita Afirka a shekarar 385, ta bar ɗanta a hannunsa, ta kuma yi wa Allah alkawarin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Wajibi ne mai nazari ya lura cewa neman matsayi ne ya jawo wannan rabuwa, tsoron Allah bai shigo ciki ba tukuna. Da yake saura shekara 2 yarinyar da aka yi masa baiko da ita ta isa aure, sai ya kasa haƙuri ya ɗauki wata mace. Abin da matar da aka kora ta iya, shi babban malami ya gaza, wannan kuwa ya ci masa rai ƙwarai.

A nan ne ya gane irin sarƙar da ta ɗaure shi. Bisa ga bayaninsa, karkataccen nufi ke haifar da sha'awa, biye wa sha'awa ya zama sabo, sabon da ba a yi wa turjiya ba kuma ya zama tilas. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa sabo turken wawa. Hankalinsa ya riga ya gamsu da gaskiyar addinin, amma nufinsa ya rabu biyu.

Tubarsa

A shekarar 386 wani ma'aikacin fada mai suna Fontishiyanus ya ziyarce shi, ya ba shi labarin Antoni, mutumin Masar da ya bar dukiyarsa ya koma hamada yana ibada. Kunya ta rufe Agustin, ganin waɗanda ba su kai shi ilimi ba sun riga shi. Ya fita lambun gidan yana kuka a gindin ɓaure, sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wannan umarni ne daga Allah, ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan sura 13, aya 13 da 14, ta Wasiƙa zuwa ga Romawa, inda aka hana shaye-shaye da fasikanci da husuma, aka kuma umarci mai bi ya yafa Almasihu ya daina yi wa sha'awar jiki tanadi. Daga nan shakkarsa ta yaye.

Ya ajiye aikinsa, ya fasa auren. A daren Ista na watan Afrilu, 387, Amburos ya yi masa baftisma tare da ɗansa da amininsa Alifiyas. A wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya tana da shekara 56. Ya koma Afirka a 388, ba da jimawa ba Adiyodatus ma ya rasu. A 391 mutanen Hifo, watau Annaba ta yau, suka matsa aka naɗa shi firist, wajen 395 kuma ya zama bishop.

Koyarwarsa a kan Tsarki

Tuba ba ta kawo ƙarshen yaƙin ba. A littafi na 10 na Iƙirari, wanda ya rubuta yana bishop, ya amsa cewa surorin tsohuwar rayuwarsa suna zuwa masa a mafarki. Saboda haka ya kafa wa kansa shinge. Almajirinsa Fosidiyas ya rubuta cewa ba macen da ta zauna a gidansa, ko da 'yar'uwarsa ce, ba ya kuma ganawa da mace sai da shaida.

Duk da haka bai dogara ga shingen ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne kamun kai kyauta ce, Allah da ya umarce shi shi ke ba da ikon yinsa. Wannan ya haɗa shi jayayya da Felajiyas, wani malami daga Birtaniya, mai ganin mutum na iya barin zunubi da ƙoƙarin kansa. Taron bishop-bishop na Kartaj a 418 ya yi watsi da ra'ayin Felajiyas.

Bai ƙyamaci aure ba, ya ma rubuta littafi wajen 401 yana lissafa alherinsa guda 3, watau zuriya, da amana, da alkawarin da ba ya warwaruwa. Haka kuma bayan da mayaƙan Alarik suka washe birnin Rum a 410, ya kare matan da aka yi wa fyaɗe a littafinsa Birnin Allah, yana mai cewa tsarki a zuciya yake, ƙarfin azzalumi ba ya iya ƙwace shi. Amma bai tsira daga suka ba. Bishop Juliyan na Ekilanum ya zarge shi da cewa tsananin tuhumar da yake yi wa sha'awa, har a cikin aure, ragowar Manikiyanci ce, masana kuma ba su daina muhawara a kan wannan ba.

Rasuwarsa

A shekarar 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hifo. A wata na uku da kewayewar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa Zaburar tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, ya roƙi a bar shi shi kaɗai, yana karantawa yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75, bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiyar da zai bari.

Kammalawa

Tarihin Agustin ya nuna mutum ne wanda ilimi ya gwada masa hanya amma bai ba shi ƙafar binta ba, sai da ya sallama cewa ƙarfin ba nasa ba ne. Ya nuna kuma mace ce da ba a ko san sunanta ba ta riga shi cika alkawarin tsarki. Shekara 43 bayan baftismarsa, har a gadon mutuwa, bai fitar da kansa daga sahun masu neman gafara ba.