Marigayi Sarkin Daura Abdurrahman

A Daura, birnin da rijiyar Kusugu take, akan ambaci Sarki Abdurrahman in ana zancen daɗewa a kan aiki. Ya hau gadon sarauta cikin 1911, bayan rasuwar mahaifinsa Malam Musa, bai sauka ba sai da ajali ya zo masa cikin 1966, watau shekara 55 ke nan.

Ba za a gane nauyin da ya ɗauka ba sai an waiwaya baya. Sa'ad da jihadi ya iso Daura wajen 1805, Malam Isiyaku ya ci garin, sarakunan Haɓe suka fita. Daga baya suka kafa sarautarsu a Zango da Ɓaure, ƙasa ɗaya ta rabu uku. Haka aka zauna kusan shekara ɗari. Sai Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, alhali kuwa iyaka ta yanke wani sashe na tsohuwar ƙasar ta bar shi hannun Faransa.

Ashe sarautar da Abdurrahman ya gāda ba ta daɗe da komowa gida ba, ba ta ko yi saiwa ba. Da ya yi sakaci, da tsohuwar gaba ta tashi. Ga kuma babbar yunwar 1913 zuwa 1914 ta auka wa ƙasashen nan tun yana sabon sarki. Duk da haka ya riƙe ƙasarsa, Haɓe da Fulani suka zauna ƙarƙashin En'e ɗaya da Baitulmali ɗaya.

A zamaninsa aka gama Kudu da Arewa cikin 1914, aka yi yaƙin duniya sau biyu, Jihar Arewa ta sami mulkin kanta cikin 1959, Nijeriya ta sami 'yanci cikin 1960. Razdan ya zo ya wuce, Di'o ya zo ya wuce, Sarki yana nan. Bayan rasuwarsa Alhaji Muhammadu Bashar ya gaje shi, ya yi sarauta har 2007, gidan bai girgiza ba.

Malaman En'e da na makaranta, abin lura a nan shi ne, daɗewa kawai ba abin yabo ba ne. Abin yabo shi ne mutum ya karɓi amana tana rawa, ya miƙa ta a tsaye. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.