Shehu Ɗanfodiyo: Malamin da ya ƙi amsa sunan Mahadi a Sifawa

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Ya tashi a Ɗagel, ya yi karatu wurin malamai da dama, ciki har da Malam Jibrila ɗan Umaru. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, aka fara jihadi, a 1808 kuma Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi.

Bayan wannan nasara ne Shehu ya koma Sifawa, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a jihar Sakkwato. Ya bar wa ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, da ɗansa Muhammadu Bello harkar mulki, shi kuma ya duƙufa kan karantarwa da rubutu.

A wancan zamani jama'a na ta jiran bayyanar Mahadi, ganin an shiga ƙarni na 13 na hijira. Da suka ga yadda sarakuna ke faɗuwa a gaban jama'arsa, sai magana ta bazu cewa Shehu ne Mahadin.

Da ya yi shiru kawai, da maganar ta ƙara masa mabiya da kwarjini. Amma sai ya ɗauko siffofin Mahadi da suka zo a littattafan da ya karanta, ya auna kansa da su. Sunan Mahadi Muhammadu, shi kuwa Usmanu. Ruwayoyin sun nuna a Madina za a haife shi, shi kuwa a Maratta aka yanke masa cibiya. A littafinsa Tahzirul Ikhwan na 1814 ya bayyana ƙarara cewa ba shi ba ne, bai kuma taɓa yin wannan da'awa ba, ya gargaɗi mutane kan bin duk mai yin ta ba tare da hujja ba.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilun 1817, aka binne shi a Hubbare.

Ƙaryata jita-jitar da ke ɓata wa mutum suna abu ne mai sauƙi. Wadda Shehu ya bincika ya watsar kuwa yabonsa take yi. A yau ma, labarin da ya yi wa mutum daɗi a WhatsApp shi ne ya fi saurin turawa, shi ne kuma ya fi buƙatar a tambayi wanda ya kawo shi hujja.