Wali Ɗan Masani: Malamin Katsina da sunansa ya zama sarauta

Idan aka ce Ɗan Masani a yau, yawancin mutane marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, suke tunawa. Amma tun kafin ta zama sarautar da ake naɗa wa rawani a fada, kalmar sunan wani malami ce da ya rayu a birnin Katsina fiye da shekara 350 da suka wuce.

Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Masani. An haife shi a Katsina wajen shekarar 1595, kuma asalin iyayensa mutanen Barno ne, shi ya sa a littattafai ake rubuta masa Albarnawi Alkashinawi. Ya tashi a zamanin da Katsina ke matattarar fatake da masu neman ilmi daga Agadas, Barno da ƙasashen yamma. Har gobe akwai unguwar Masanawa a cikin birni, wadda ake dangantawa da zuriyarsa.

Duk wanda ya taɓa zama wurin Mauludi a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura ya ji ana rera Ishiriniya, yabon Manzon Allah (SAW) da Alfazazi mutumin Andalus ya tsara. Larabcinta na da tsauri, ba kowane mai rerawa ke gane abin da yake faɗa ba. Ɗan Masani ya zauna ya yi mata sharhi mai suna Annafhatul Anbariyya. Haka kuma ya yi wa Ashmawi sharhi, ɗan littafin nan na fiƙihun Malikiyya da ɗalibai ke farawa da shi a zaure. Wato abin da almajiri ke buƙata shi ya sa a gaba.

Alƙalaminsa bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Ya yi rubutu kan ƙasar Yarabawa da malamanta, wanda yana cikin rubuce-rubuce na farko-farko da suka ambaci sunan Yarabawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo sunansa a Infaƙul Maisuri cikin malaman wannan yanki.

Laƙabin Wali kuwa ba sarki ne ya naɗa masa ba. Daga Larabci yake, ma'anarsa makusanci ga Allah, kuma jama'a ne suka ga tsoron Allah da ilminsa suka kira shi haka, tare da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Takum. Irin haka ta faru a Indiya, inda aka kira Mohandas Gandi da Mahatma, kalmar harshen Sanskirit mai nufin babban ruhi, wadda mabiya addinin Hindu ke ba wanda suke ganin ya tsarkake zuciyarsa. A can laƙabin ya kusa shafe sunan yanka. A nan sunan ne ya koma laƙabi.

Akwai kuma sarautar Wali a fada. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya riƙe sarautar Walin Katsina. Shi da Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, babu mai musun ilminsu. Sai dai ba kowane rawanin Ɗan Masani da ake naɗawa yanzu ne aka fara tambayar littafi nawa mai shi ya sauke ba.

Malamin ya rasu a 1667, yana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne shi a Katsina, inda har yanzu ake ziyartar kabarinsa.