MARIGAYI SARKIN MUSULMI MUHAMMADU MACCIƊO

Ranar Lahadi 24 ga watan Yuni 1956, wani jirgin saman fasinja na kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Kano zai nufi London, alhali kuwa hadari ya haɗo. Tashinsa ke da wuya sai iska ta juya masa, ya kasa yin sama, ya bugi itace ya faɗi. Mutum 32 suka rasu daga cikin 45. Bayan shekara 50, a wata Lahadin kuma, irin wannan iska ce ta zama sanadin ajalin Sarkin Musulmi na 19, Alhaji Muhammadu Macciɗo.

An haifi Muhammadu Macciɗo a 1928. Ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 bisa gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Tun yana saurayi ya shiga aikin En'e ta Sakkwato, aka naɗa shi Sarkin Kudu, ya riƙe ƙasar Talatar Mafara, ya kuma zama ɗan majalisa a Kaduna. Da aka kafa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ya riƙe muƙamin Kwamishinan Aikin Gona, daga baya na Lafiya. A lokacin nan Birnin Kebbi da Argungu suna cikin wannan jiha, don haka manoman shinkafa na fadamar Rima sun san shi tun kafin ya hau gado.

Da mahaifinsa ya rasu cikin Nuwamba 1988, labari ya bazu cewa shi ne zai gaje shi, jama'a suka fara murna. Bayan 'yan kwanaki sai gwamnatin soja ta zamanin Janar Babangida ta bayyana Alhaji Ibrahim Dasuki. Tarzoma ta tashi a Sakkwato har aka yi hasarar rayuka. Macciɗo ya yi kusan shekara takwas yana kallon gadon ubansa daga nesa. Cikin Afrilu 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuki, aka naɗa Macciɗo yana da shekara 68. Mahaƙurci mawadaci.

Ya yi shekara goma yana sarauta, yana kuma shugabantar Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci a Nijeriya. Sa'ad da gardama ta tashi a Arewa kan allurar rigakafin shan inna, ya tsaya tare da masu kira ga iyaye su bari a yi wa 'ya'yansu.

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Salla, ya shiga jirgin kamfanin ADC, samfurin Boeing 737, daga Abuja zai koma gida. Ana iska da ruwa, amma jirgin ya tashi. Bai yi nisa ba ya faɗi cikin gonaki kusa da filin jirgin, ya kama da wuta. Daga cikin mutum 105, tara kaɗai suka tsira. Tare da Sarkin Musulmi aka rasa ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da jikansa, da Mataimakin Gwamnan Jihar Sakkwato. Filin da jirgin ya nufa kuwa shi ne wanda ake kira da sunan mahaifinsa.

Masu bincike sun gano cewa iskar da ke gaban jirgin ta juya ta koma bayansa farat ɗaya, fikafikansa suka rasa abin da zai ɗauke su, matuƙan kuma ba su bi matakan da aka tsara don kuɓuta daga irin wannan hali ba. A 1956 ilimin wannan iska bai wadata ba, amma a 2006 an riga an san ta, an san kuma cewa dakatawa har hadari ya wuce ita ce kariya mafi sauƙi. Ajali ba ya jira, gaskiya ne, sai dai wajibi ne ma'aikaci ya tsare amanar da ke hannunsa.

An binne shi a Hubbare, kusa da kakansa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ƙanensa Muhammadu Sa'ad Abubakar ya gaje shi cikin Nuwamba 2006. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.