Ibnul Haisam: Malamin da Ya Gano Yadda Ido Ke Gani

Gabatarwa

A yau mai raunin gani yana iya sa tabarau, ko kuma likita ya yi masa aiki da hasken leza, ganinsa ya daidaita. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai da aka fara sanin yadda ido ke gani. A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu za mu dubi rayuwar malamin da ya aza harsashin wannan ilimi, wato Abu Ali al-Hasan ibn al-Haisam, wanda Turawa ke kira Alhazen.

Daga Basara zuwa Alƙahira

An haife shi a birnin Basara na ƙasar Iraƙi a wajen shekara ta 965, a can kuma ya yi karatu har ya shahara a fannin lissafi. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi da'awar zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Da labari ya kai kunnen Halifa al-Hakim, sarkin Fatimiyawa na Masar, sai ya aika a kira shi. Ibnul Haisam ya bi kogin har kusa da Aswan, ya auna, ya ga aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Lalle kuwa ya yi gaskiya, don sai a 1902 aka gama madatsar farko a wurin.

To, al-Hakim sarki ne wanda ba a yi wa wargi, kuma bai ɗauki ran bawa a bakin kome ba. Saboda haka, in ji ruwayar, malamin ya yi haukan ƙarya don ya tsira da kansa, aka tsare shi a gida har sarkin ya ɓace a 1021. Bayan haka ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi yana ci da guminsa, har Allah ya karɓi ransa a wajen 1040.

Aikinsa a kan gani

Kafin zamaninsa, manyan malaman Girka irin su Uƙlidis da Batlimus sun koyar da cewa haske ne ke fita daga ido ya taɓa abu, sa'an nan a gan shi. A cikin littafinsa mai juzu'i 7, Kitab al-Manazir, Ibnul Haisam ya rushe wannan ra'ayi. Ya nuna cewa mai kallon rana idonsa kan yi zafi, kuma in ya kau da kai sauran hasken kan dakata a idonsa. Ashe ke nan daga waje haske ke shiga.

Bai tsaya ga hujjar baki ba. Ya jera fitilu a gaban wani ɗaki mai duhu wanda aka huda ƙaramar kafa a jikinsa, sai hasken kowace fitila ya bayyana daban a bangon ciki. In ya rufe ɗaya, nata hasken kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya tabbatar cewa haske miƙe yake tafiya. A juzu'i na 7 kuma ya yi bayanin yadda haske ke karyewa in ya ratsa ruwa ko gilashi, da yadda gilashi mai doro ke ƙara wa abu girma.

Sai dai ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Ya zaci ƙwayar nan garai-garai da ke bayan baƙin ido ita ce ke karɓar gani. Sai a 1604 Kepler, wani Bajamushe, ya nuna cewa a tantanin bayan ido siffa ke sauka.

Abin da ya bari

An fassara littafin zuwa Latinanci a wajen shekara ta 1200, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572. A ƙarshen ƙarni na 13 ne tabarau ya bayyana a arewacin Italiya. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 kuwa likitoci ke fere fatar gaban ido da leza, su rage mata doro ga wanda ba ya ganin nesa, don haske ya taru daidai a tantanin baya. Da tabarau da leza, duk karyewar haske suke sarrafawa.

Kammalawa

Darasin da ke nan gare mu ɗalibai shi ne, Ibnul Haisam ya girmama magabata har yana kwafar littattafansu da hannunsa, amma bai karɓi zancensu ba sai da ya gwada. Wanda ke nazarin harshe ko adabin Hausa, shi ma wannan hanya ce ta kamace shi.