Emil Durkaim: Malamin Sakandaren da Ya Shigar da Ilimin Zamantakewa Jami'a

Da Edita ya nemi in rubuta tarihin wani shahararren malami, sai zuciyata ta tafi kan mutumin da ya fi kowa hana mu barci a shekararmu ta farko a jami'a, wato Emil Durkaim na ƙasar Faransa. A lokacin haddace ra'ayoyinsa kawai muke yi don mu ci jarrabawa. Sai daga baya na san cewa shi kansa jarrabawa ta sha kayar da shi.

An haife shi a garin Efinal ranar 15 ga Afrilu, 1858, a gidan malaman addinin Yahudu, kuma an so ya gaji mahaifinsa amma ya kauce. Yana ɗan shekara 12 sojojin Jamus suka ci ƙasarsa da yaƙi, har suka mamaye garinsu. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta birnin Faris, sai a karo na uku, cikin 1879, ya samu shiga. Da ya gama a 1882 aka tura shi koyar da falsafa a makarantun sakandare na larduna, kamar dai malamanmu da muke yi wa dariya idan alli ya ɓata musu riga.

A wancan zamani babu jami'ar Faransa da ke koyar da ilimin zamantakewa. Na san wani zai ce ai Ibn Khaldun ya riga kowa a Muƙaddimarsa tun 1377, kuma gaskiya ne. Haka nan Ogust Kwamt ya raɗa wa fannin suna tun kafin a haifi Durkaim, amma bai samu kujerar koyar da shi ba. Manyan malaman falsafa da na tarihi kallon shaci-faɗi suke yi masa.

To, yaya aka yi ya shiga? Ta ƙofar baya. Gwamnati na buɗe makarantun firamare kyauta a ko'ina, tana neman wanda zai horar da malamai kan tarbiyya. Wani babban jami'i a ma'aikatar ilimi, Luwi Liyar, ya lura da rubuce-rubucen da Durkaim ya yi bayan ziyarar jami'o'in Jamus, sai ya sa aka ba shi aiki a Jami'ar Bordo a 1887, ya koyar da ilimin koyarwa haɗe da kimiyyar zaman jama'a. Mu ma'aikatan gwamnati da ake zargi da danne fayil, ga dai ɗan'uwanmu guda da sa hannunsa ya yi amfani.

Shekara 15 ya yi a Bordo, a nan ne kuma ya yi aikin da ake tunawa da shi. Yawancin littattafansa darussan aji ne kafin su zama littafi. Wanda ya fi burge ni shi ne na 1897 kan masu kashe kansu. Kowa na ɗaukar wannan a matsayin larurar mutum shi kaɗai, amma shi sai ya tara alƙaluman ƙasashen Turai, ɗan 'yar'uwarsa Marsel Mos yana taya shi lissafi. Ya nuna cewa abin ya fi yawa ga gwauraye a kan magidanta, ya fi yawa ga Furotestan a kan Katolika, kuma yakan ragu lokacin yaƙi, sa'ad da jama'a suka haɗa kai. Wato gwargwadon yadda mutum ya kwance daga jama'arsa, gwargwadon haɗarin da yake ciki. Da irin wannan hujja ya nuna wa masu raina fannin cewa yana da abin bincike nasa na kansa.

Ba duk maganarsa na yarda da ita ba. A littafinsa na 1912 ya mayar da asalin addini ga al'umma kanta, ya kafa hujja da ƙabilun Ostireliya waɗanda bai taɓa taka ƙasarsu ba. Mun yi ta musu a aji kan wannan, kuma har yau ina kan bakana.

Ya koma Jami'ar Sobon da ke Faris a 1902, nan ma da sunan malamin ilimin koyarwa. Sai a 1913 aka ƙara kalmar ilimin zamantakewa a sunan kujerarsa. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya cinye da yawa daga samarin da ya horar don su gaje shi, cikinsu har da ɗansa Andire, wanda ya mutu a yankin Balkan a ƙarshen 1915. Uban bai sake komawa daidai ba. Ya mutu ranar 15 ga Nuwamba, 1917, yana da shekara 59. Jami'o'in Faransa ba su fara ba da digirin farko a wannan fanni shi kaɗai ba sai a 1958, shekara 41 bayan mutuwarsa.